Kifayen 'Yata Suna Ta Mutuwa, Ni Aka Ɗora Wa Laifi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, da yara uku. Kwanakin baya babbar 'yarmu mai shekara tara ta haɗa izu goma, babanta ya yi mata kyautar akwatin kifi na gilashi da ta daɗe tana roƙo. Tsawonsa santimita 60, faɗinsa da tsayinsa 30-30. A ranar da ya kawo shi muka cika shi da ruwan famfo, muka zuba kifi goma sha biyu: manyan jajaye huɗu da mai sayarwa ya ce sunansu golfish, da ƙanana takwas masu jela kala-kala, wai gupi. Ba a yi mako ba ruwan ya yi fari-fari, kifin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da na ga haka na kwashe su a roba, na wanke akwatin da tsakuwar da soson filtar, wato na'urar tace ruwan, da sabulu tas, na zuba sabon ruwa. Washegari uku suka mutu. Yanzu saura golfish ɗaya da gupi uku, kullum suna sama suna haki. Maigida ya ce ni na kashe su da wankina da turaren wutana, wai abokinsa mai kiwon tarwada a ranar yake zuba kifi ba abin da ke samunsu. Hajiyarsa ta ce baki ne, tunda maƙwabta sun yi ta shigowa kallo, kuma dama almubazzaranci ne. Yarinyar ta rage cin abinci, gani take ita ta kashe su don ita ke ba su abinci. Asabar mai zuwa yana so ya je ya yi wa mai sayarwar tas, ya sayo wasu a wani wurin. Ni kuma tsoro nake a sake. Ya zan yi?

Wata uwa, daga Kaduna

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yi wa yarinyar albarka, ya sa ta sauke. Izu goma a shekara tara ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata a ce abin farin ciki irin wannan ya koma silar ɓacin rai a gida ba.

Tsoron da kike ji yana kan hanya. In aka sayo wasu kifin ranar Asabar aka zuba a wannan akwatin, hanyar da na farko suka bi su ma ita za su bi, ko daga wane shago suka fito. Matsalar ba daga kifin take ba, ba kuma daga hannun mutum ɗaya ba. Akwatin ne bai shirya karɓar su ba. Gida ne aka gina aka yi fenti, aka tare da mutum goma sha biyu, ba a haƙa masai ba.

Kifi a cikin ruwan da yake numfashi yake yin bayan gida. Ta wurin numfashinsa da ke gefen kai yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma suna ƙara shi. Amoniya guba ce, tana ƙona wurin numfashin, shi ya sa kike ganinsu a sama suna haki. A kogi ruwa na tafiya da ita. A akwati kuwa ba inda za ta je, sai in akwai masu cinye ta. Masu cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, ido ba ya ganinsu, waɗanda ke zama a jikin soson filta da tsakuwa. Kashi na farko suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, domin tana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Kashi na biyu suna mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da illa sosai sai ta taru, ita kuma canjin ruwa ke rage ta. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyin da yawan da za su yi aiki. Kafin su hayayyafa su isa, yawanci ana ɗaukar mako 4 zuwa 6, a lokacin sanyi ma yakan fi haka. Wato wanda ya sayi akwatin kifi, abin da zai fara kiwatawa ba kifi ba ne, ƙwayoyin nan ne.

Ku ƙara da lissafin girman akwatin. In aka ninka 60 da 30 da 30 aka raba da 1000, lita 54 ke nan, jarka biyu ta 'yan ga-ruwa da ɗan ɗori. Golfish kifi ne mai ci da yawan ƙazanta, kuma yana girma ya kai santimita 15 zuwa 20, wani ma ya wuce. Huɗu a cikin lita 54 sun yi yawa ko da akwatin ya daɗe da shiryawa, balle sabo fil. Ga kuma ruwan famfo, wanda ake sa wa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta. Mu yana mana amfani, kifi kuwa yana cutar da shi, yana kuma kashe ƙwayoyin da ake so su tsiro. Tun ranar farko ke nan abubuwa uku suka haɗu a kansu, kafin ke ki taɓa sabulu.

Ba zan ɓoye miki ba, wankin nan ya ƙara dagula lamarin. 'Yan ƙwayoyin da suka fara kama soson a makon farko, sabulu da ruwan famfo sun tafi da su, aka koma farko. Sabulun kansa in ya saura ko kaɗan ne yana illata kifi. Amma ki lura, mutuwar ta riga wankin. Abin da kika yi shi ne abin da kowace mace mai tsafta za ta yi in ta ga ruwa ya ɓaci, kuma ba wanda ya gaya miki cewa a nan tsafta irin ta kicin ɓarna ce. Farin da ruwan ya yi ma ba datti ba ne irin wanda ake wankewa. Wasu ƙwayoyin ne na daban suka yi yawa saboda ragowar abinci, kuma yakan washe da kansa in aka rage ciyarwa.

Shi ma maigidan ki yi masa uzuri. Mutum ya kashe kuɗinsa don ya faranta wa 'yarsa, ya dawo yana kallonta tana kuka a kan kyautar da ya yi mata. Faɗan da yake yi akasarinsa jin nauyi ne da takaici. Maganar tarwada kuwa gaskiya ya faɗa, sai dai ba ta shafi wannan ba. Tarwada na da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar waje da ita kai tsaye, shi ya sa za ki gan ta a baho a kasuwa da ɗan ruwa kaɗan tana motsi har yamma. Kuma masu kiwonta a tanki suna yawan zubar da ruwan su sake sabo. Ya tambayi abokin nasa sau nawa yake canja ruwa a mako, zai ji. Gupi ba ta da wannan juriyar. Don haka kada ki tare shi da "ai ba ni ba ce, kai ne ka zuba su rana ɗaya." In kika fara da haka, an koma shari'a, kifin kuma suna can suna haki. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki ce masa kin nemi bayani, kin gano wankin da kika yi bai dace ba, kin kuma gano cewa ku duka ba a gaya muku ana jiran akwati ya shirya ba. Ki ba shi ya karanta wannan da kansa in kina ganin zai fi. Roƙonki ɗaya ne: a ɗage sayen sababbi zuwa mako shida.

Wadda ta fi damuna ita ce yarinyar. Yaro in ya ɗauka shi ya jawo mutuwar abin da yake so, yakan riƙe abin a zuci ya daɗe. Kada a ce mata "kifi ne fa, meye abin kuka," kada kuma a rufe mata baki da alkawarin za a sayo wasu. Ai kin san labarin ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) ya gan shi cikin damuwa, ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai raina baƙin cikin yaro ba. Ki ba ta wannan labarin, ita da ke zuwa Islamiyya zai shige ta. Sannan a gaya mata gaskiya daidai hankalinta: ruwan ne bai shirya ba, manya ma ba su sani ba, ba laifinta ba ne. Zai fi tasiri in daga bakin babanta ta ji. E, mai yiwuwa ta riƙa zuba abinci fiye da kima, kowane yaro haka yake, amma aikin manya ne su auna mata. Kada a karɓe aikin daga hannunta, hakan zai tabbatar mata da zargin da take yi wa kanta. A auna mata ɗan abin da za ta zuba, a ba ta littafi ta riƙa rubuta ranar da aka canja ruwa da abin da gwajin ruwan ya nuna. In rashin cin abincin ya wuce 'yan kwanaki, ko ta fara rashin barci, a duba ko akwai wani abin daban da ke damunta.

Hajiya kuwa ba sai an yi jayayya da ita ba. Ki ce mata to, za a ci gaba da addu'a, addu'a ba ta ɓaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara kallon maƙwabta da zargi a kan abin da sanadinsa ke bayyane. Zancen almubazzaranci kuma tana da gaskiya ta wata fuskar: sayen kifi ana zubawa suna mutuwa ana sake saye, ɓarnar dukiya ce da ɗaukar alhakin dabba. Ga dukkan alamu ita ce za ta fi kowa goyon bayanki a batun dakatar da sayen, in kika gabatar mata da shi ta haka.

Yanzu ga ceton huɗun da suka rage, kuma yau za ki fara. Ki sayi sabon bokiti wanda ba zai taɓa ganin sabulu ba, na kifi kawai. Ki zuƙe kusan rabin ruwan akwatin da ɗan tiyo, kina bin tsakuwa don ƙazantar ta fita, kifin suna ciki, ba sai an kwashe su ba. Ki mayar da ruwan da ba kulorin a ciki, wanda ɗuminsa ya yi daidai da na akwatin. Masu sayar da kayan kifi na da maganin cire kulorin na ruwa-ruwa, 'yan ɗigo ake sawa bisa umarnin jikin kwalbar, kuma shi ya fi tabbas. In bai samu ba, ki tara ruwan a buɗe ya kwana ya wuni kafin ki zuba. Ruwan burtsatse ko na rijiya ba kulorin a cikinsa in ba wani ya zuba a tanki ba, amma yana da ƙarancin iska, shi ma a bar shi ya kwana. In a wurin 'yan ga-ruwa kuke saye, ki tabbata jarkar ba a taɓa zuba fetur ko mai a ciki ba. Daga gobe ki riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu kullum har mako biyu, sannan duk bayan kwana biyu ko uku har zuwa mako na shida. Abinci kuma a dakatar da shi kwana biyu, ba abin da zai same su, daga nan sau ɗaya a rana, ɗan abin da za su cinye cikin minti biyu. Filta ta yi ta aiki dare da rana, kuma kada a sake wanke sosonta a famfo. In ya toshe, a matse shi a hankali cikin ruwan da aka zuƙo daga akwatin, a mayar.

In da hali ku nemi kayan gwajin ruwa, irin na ɗigo ko na 'yar takarda, masu auna amoniya da naitirait da naitiret. Da su za ku daina kame-kame. Duk ranar da amoniya ko naitirait suka kai 0.5 a ma'aunin gwajin, a canja ruwa a ranar. Za ku ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ta biyo baya ta hau ita ma ta sauka. Ranar da duka biyun suka tsaya a sifili na tsawon mako guda, naitiret kuma ta bayyana, akwati ya shirya. Daga nan canjin kashi ɗaya cikin huɗu sau ɗaya a mako ya wadatar, a riƙe naitiret ƙasa da 40 a ma'aunin gwajin.

Mai sayarwar yana da nasa kason laifin, kuma a ganina ba ƙarami ba ne. Wanda sana'arsa ke nan ya ga mutum ya sayi sabon akwati da kifi goma sha biyu a rana ɗaya, ya kamata ya ce masa dakata. Amma hayaniya a shago ba za ta dawo da kifi ko ɗaya ba, alhali akwai abin da yake da shi wanda ya fi muku kuɗin da za a mayar. Maigida ya je ranar Asabar ɗin, amma da buƙata biyu. Ta farko ya mayar masa da golfish ɗin da ya rage, a musanya da maganin kulorin ko abincin kifi. Ba wurinsa ba ne, zai fi ƙarfin akwatin, kuma shi ruwa mai ɗan sanyi yake so, gupi kuwa mai ɗumi. Ta biyu ya roƙe shi guntun tsohon soso daga filtar akwatin da ya daɗe yana aiki kuma kifin cikinsa lafiyarsu ƙalau. A sako shi a leda da ruwansa, kada ya bushe, a zo a cusa shi cikin filtarku. Ƙwayoyin da kuke jira suna jikinsa, kuma yakan rage jiran sosai. Yadda ya karɓi wannan roƙon shi zai nuna muku ko mutumin da za a ci gaba da ciniki da shi ne.

Akwai wata hanyar in kin ga canjin ruwa kullum ba zai yiwu miki ba, ga yara ga girki ga ƙarancin ruwa. A ba da kifin huɗu ajiya wurin mai sayarwa ko wani mai tsohon akwati, a shirya naku ba kifi a ciki. Filta na aiki, ana jefa ɗan tsunkulin abincin kifi kullum ya ruɓe ya ba ƙwayoyin abin ci, ana gwaji har amoniya da naitirait su sauka sifili, sannan a canja fiye da rabin ruwan a dawo da kifi. Da tun farko aka tambaye ni, ita zan zaɓa, don ba ran da ke wahala. In kuma kun zauna kun ga duk hidimar ta fi ƙarfinku, ba abin kunya ba ne a sayar da akwatin a yi wa yarinyar wata kyautar da saninta. Sai dai kada a zubar da kifin a kwata ko a Kogin Kaduna.

Turaren wutan da aka zarga ba shi ne mai laifin ba, amma famfon iska na tura iskar ɗakin cikin ruwa, don haka ki riƙa turara falon nesa da akwatin, taga a buɗe. Wanda ya kamata ki ji tsoro shi ne maganin sauro, na fesawa da fiya-fiya. Kaɗan daga cikinsa na iya kashe kifin akwati gaba ɗaya a dare ɗaya. In dole a fesa, a kashe famfon iska, a lulluɓe akwatin da babban tawul, a buɗe tagogi, sai warin ya fita a kunna. Mai sa hannu a ruwan ma ya ɗauraye shi da ruwa zalla, ba sabulu ba man shafawa.

Yanayin garin nan shi ma sai an yi shiri da shi. Gupi na son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, daren hunturun Disamba da Janairu kuwa yana sanyaya ƙaramin akwati ƙasa da haka. 'Yar hita ta akwatin kifi mai wat 50 ta ishe lita 54, tare da ma'aunin zafi da ake mannawa a gilashi. A Maris da Afrilu matsalar ta juya, ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, don haka a nisanta akwatin daga tagar da rana ke bugawa, dama hasken rana ke jawo gansakuka. Batun ɗauke wuta kuma, ƙwayoyin filtar nan su ma da iska suke rayuwa. In kuna da sola ko inbata a haɗa filtar a kai, ba ta cin wuta. In babu, akwai ƙaramin famfon iska mai batir ko wanda ake caji. Ranar da aka daɗe ba wuta kuma ba ko ɗaya, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana tsiyaya shi daga sama lokaci-lokaci, a kuma dakatar da abinci.

In mako shida ya cika gwaji ya yi kyau, sai a ƙara kifi, uku kawai, a jira mako biyu kafin wasu, domin ƙwayoyin su ƙaru daidai da sabon nauyin. Gupi shida zuwa takwas sun ishe wannan akwatin. A je da yarinyar ta zaɓa da kanta, a nuna mata abin dubawa: kifi mai kuzari da ke rububin abinci, ba fararen ɗigo a jiki, jela ba ta yage ba, kuma ba gawa a akwatin da yake. Daga shago a wuce gida kai tsaye, leda a inuwa, ba a bayan mota ana yawon cefane ba. A gida a ɗora ledar a kan ruwan akwatin minti 15 zuwa 20 ɗuminsu ya daidaita, a riƙa zuba mata ɗan ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan a kamo kifin da raga a saka, ruwan shagon a zubar. Da za a samu wata roba mai famfon iska a ware sababbin mako biyu a ga lafiyarsu tukuna, ya fi. Kuma maigida ya tambayi jinsin abin da yake saye. Gupi haihuwa take yi ba ƙwai ba, kusan duk wata, don haka in ba so kuke nan da Sallah akwatin ya sake cika ba, ya ce a ba shi maza zalla. Su ne ma masu kyan jelar.